Fumfuna a Masaukin Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Yaya kuma naki jikin? Na san a gidan nan kowa jikin Baba yake tambaya, ba mai tuna cewa ke ma jiki gare ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga wadda ko a makaranta sai an tsaya a kanta take rubutu. Ke kika ce da zarar Baba ya ga kin ɗauki waya kin rage murya sai ya tsargu, ya ce shirya masa wani abu ake yi. Direban da ke kawo mini yadin labule daga wajenku zai riƙa miƙa miki, sai ki karanta a wurin aiki.

Maganar gidan kula da tsofaffi ta tsaya mini a rai. Wallahi ban ga laifinki ba, Yaya. Ke ce kike kwana a zaune kina gadin ƙofa, yana zagaye falo yana cewa a mayar da shi Masauki, gari ya waye ki tafi aiki da ido jajur. Ke ce kika sauko daga bene a guje ranar da aka tsince shi a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya. Ni ina nan ina ɗinka labulen mutane, iyakata in buga waya in ce sannu. Kin ce za a sami gado a can ƙarshen wata. Roƙona ɗaya ne, ki ba ni aron Baba kafin lokacin. In ya iya barci a wurina, ya zauna. In bai iya ba, ni da kaina zan raka ku, kuma ba zan ƙara cewa uffan ba.

Ga abin da na hango. Duk mun ɗauka in ya ce Masauki tsohon gidanmu yake nufi. Ni kuwa ina jin ƴar tirelar nan yake kira, wadda yake ja a bayan mota lokacin da yake yawon haƙa rijiyar burtsatse, a ɗaga murfinta tanti ya tashi da gado biyu a ciki. Ai sunan da ya sa mata ke nan, mu ne muka manta. Rabin rayuwarsa a ƙarƙashin wannan tamfol ɗin ya kwana. Tun rasuwar Inna tana ajiye a bayan ɗakin ɗinkina. Na ce bari in kafa ta a tsakar gida, inda katanga ta kewaye, ƙofa ɗaya ce kuma idona na kanta.

Sai dai an sami matsala, kuma sunan matsalar Injiniya. Kin san mijin ƙanwarki, bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, amma babu abin da zai gani a gida bai kwance shi ba. Bara, damina tana ƙarewa, ya buɗe tantin wai ya sha iska, yayyafi ya taɓa shi, ya goge da tsumma ya ninke. Don tsabar son Baba kuma ya sayo leda mai kauri ya naɗe tirelar kaf, ya bi kowace kafa da salatif, ko tururuwa ba za ta sami hanya ba. Ashe danshi ya kulle a ciki ya ba shi ɗaki kyauta.

Jiya muka yanke ledar. Warin da ya fito sai da ya mayar da mu baya. Fumfuna ce ko'ina, Yaya, baƙa ɗigo-ɗigo a rufi, fara mai gashi-gashi a kusurwoyi, har bakin zif bai tsira ba. Katifun kam sun gama yawo. Injiniya ya tsaya riƙe da almakashi ya kasa haɗa ido da ni, sai cewa yake yi ai ledar mai kyau ce. Na so in yi faɗa, dariya ta riga ni, daga dariyar kuma na zarce da kuka.

Ba zan sa tsoho mai ƙirji irin na Baba a cikin wannan ba, amma ban sare ba. Gobe zan je wurin mai ɗinkin tamfol in ji ko da magani.

Ki gaishe da maigidanki da yara. Ki riƙe mini hannun Baba ko da bai san daga wa ba.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya, da fatan kuma kin sami ko ɗan gyangyaɗi ne. Saƙonki ya iso. Na gode da kika yarda, ko da yake na ga inda kika ce tun ina ƙarama ba na jin a bari. Halin Baba na gada, ki tambayi mai Masaukin.

Na je wurin mai ɗinkin tamfol, can layin masu gyaran kujerun mota. Dattijo ne mai magana da allura a baki. Na je da shirina, bilic na farar da kaya da garin sabulu a jaka. Ya leƙa jakar ya ce in kai su gida in wanke banɗaki. Wai bilic zai kashe fumfunar, amma zai ci zaren tare da ita, garin sabulu kuma zai kwashe abin da ke hana ruwa shiga. Ya ce tamfol mai fumfuna ba a fara masa da ruwa, sai an bar shi ya bushe ƙayau a rana, a kakkaɓe shi a bushe, sannan a zo maganar wanki. Ya kuma ce in ina son sauƙi ya yanka mini sabo. Na ce a'a. Facin Inna na jikin wannan, ɗinkinta ƙanana a jere, ba zan jefar da su a bola ba.

Haka muka yi. Muka turo tirelar tsakiyar tsakar gida, muka kafa sandunan, muka buɗe tagogi. Da ya bushe na ɗaura takunkumi, na juya wa iska baya, na bi shi da buroshi. Sai ruwan khal, wato binega, da aka sirka da ruwa. Na fara gwadawa a wani lungu in ga ko launi zai tashi, bai tashi ba, na kama daga sama ina saukowa, kaɗan-kaɗan, in goge, in ɗauraye, in jira rana. Inda fumfunar ta yi taurin kai na sa mata lemon tsami da gishiri. Duk gidan ya ɗauki tsami. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko sabuwar sana'a na fara.

Injiniya yana ta neman hanyar wanke laifinsa. Shekaranjiya na dawo daga kai labule na tarar ya aro injin wankin mota, ya saita bakinsa a rufin tantin, yana jiran in zo in ga ikon Allah. Da ƙyar na riƙe hannunsa. Injin nan fenti yake ɗayewa, balle tsohon zare. Yanzu na ba shi aikin riƙe bokiti, kuma ya riƙe shi da mutunci, ba na ƙwace masa wannan. Ba ya ƙorafi. Jiya na ji yana gaya wa maƙwabci cewa mu biyu muke aikin, shi ne a ɓangaren ruwa.

Yaya, in kina goge tantin nan sai kin ga rayuwarmu a jikinsa. Ga inda kyandir ya lasa lokacin da Baba ya ɗauke mu hutu kika nace sai kin gama karatunki, Inna ta rufe wurin da ƙyallen tsohon wandonsa. Ga aljihun da ta ɗinka masa don tabarau. A bakin ƙofa, daidai inda yake kamawa in zai shiga, akwai baƙin man inji da ya shige cikin zare, saman kuma duk hayaƙin risho ne. Tun da na riga na sa hannu, na ce bari in haɗa duka. Na goge man, na goge hayaƙin, sai da tamfol ɗin ya dawo kalar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Hannuwana sun yi yaushi kamar na mai wankau, bayana kuma ba a magana, amma raina fes.

Abin da ke ba ni tsoro ɗaya ne, kada ƙarshen wata ya riga ni. In hadari ya taso sai mu kwasa a guje mu rufe, mu sake buɗewa in ya wuce.

Ki ci abinci, Yaya, na san halinki. A gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta

* * *

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya, ya mai jiki?

Albishirinki. An gama. Mai ɗinkin tamfol ya biyo ta nan ya duba, ya shinshina kusurwoyi, ya ce fumfunar ta mutu. Akwai ɗan tabo-tabo da ya ƙi fita a rufi, ya ce wannan tabo ne kawai, ba ya cutarwa, in na matsa masa zan huda. Na sayi sababbin katifu na ɗinka musu riga da ragowar yadi mai kyau. Na wanke ragar tagogi, na shafa wa zif kyandir yana tafiya sumul. In kika shiga ba ki jin warin komai sai na rana da tsabta. Abin da ya rage kawai a jiƙa shi da tiyo a bar shi ya bushe, a maimaita, don zaren ya kumbura ya toshe ramukan allura. Wannan ko Baba yana nan zan iya yi.

Ku taho ranar Asabar. Ki zo masa da bargonsa da maganinsa. Injiniya ya gyara sakatar ƙofar gida, kuma na gwada ta da kaina bayan ya gama, kada ki damu. Ya ce shi zai riƙa kwana a gado na biyu.

Jiya na shiga na kwanta a gefen Baba na ɗan lokaci, ina kallon rufi, ina ta ƙiyasta fuskarsa in ya gani. Na ƙagu, Yaya.

Sai kun iso. Allah Ya kawo ku lafiya.

Auta

* * *

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa gida lafiya. Ban ji daɗin yadda kika ja mota kina share hawaye ba, hankalina bai kwanta ba sai da maigidanki ya ce kin shiga.

Kin ga abin da na gani, ba sai na maimaita ba. Amma ke kina bayansa, ni ce nake gabansa, ni na ga fuskarsa. Da ya hango tirelar daga ƙofa idonsa ya yi haske, har ya saki hannunki. Ya kai hannu inda ya saba kamawa, ya tsaya yana duban wurin. Ya sa kai ciki ya ja numfashi. Sai hasken ya ɗauke, ya juyo ya ce mini, cikin ladabi kamar yana magana da baƙuwa, “Baiwar Allah, wannan ba nawa ba ne.”

Tun da kika tafi bai sake kallon tantin ba. Yana zaune a baranda, bargo a cinya, in ya gaji ya tashi ya bi katanga yana neman ƙofa. Barci babu. Injiniya ne ke bin sa a baya yana yi masa hira, idonsa shi ma ya faɗa. Kwana kaɗan ke nan, amma yanzu na san abin da kika daɗe kina ɗauka, kuma ban san yadda kika yi ba.

Na zauna na yi tunani. Fumfuna aka ce in cire, ni kuma na haɗa da Baba na wanke. Man hannunsa, hayaƙinsa, katifar da ta san bayansa, duk na fitar, na miƙa masa tantin da ba wanda ya taɓa zama a ciki. Na yi wa Injiniya dariya a kan leda, ga shi nawa son ya fi nasa ɓarna. Ya ji na faɗi haka, ya haɗo mini shayi.

Alkawari na yi miki, kuma ina kansa. Ki zo Asabar mai zuwa, zan shirya kayansa, mu tafi tare. Ki yafe mini wahalar da na ƙara miki. Ki yi barci kafin nan, ko wannan kaɗai na samar miki na gode wa Allah.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara, da fatan kin rama barcin da ake bin ki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Lafiya lau ce, amma ki zauna.

Washegarin ranar da na aika miki waccan takardar, da hantsi, na ce ko ba komai in ƙarasa aikin tantin kafin in ninke shi. Na jawo tiyo na hau fesa wa rufin ruwa. Baba yana baranda kamar kullum. Ban ma san yana kallona ba, sai na ji takun takalminsa a bayana. Ya wuce ni ya shiga ciki, shi da ya ƙi ko leƙawa. Na saki tiyon na bi shi. Na tarar ya ɗaga kai yana bin dogon ɗinkin tsakiya da yatsa, ruwa na ɗiga masa a goshi. Ya yi tsaki irin nasa, wanda rabon da in ji shi tun yana zuwa aiki. Ya ce wane sakarai ne ya bar ɗinki haka babu kaki, hadari na zuwa mutane su kwana a jiƙe.

Na ce wane kaki, Baba? Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ruwa. Ya ce kakin zuma mana.

Injiniya bai jira an aike shi ba. Ya fita da silifas ɗina a ƙafarsa, ya dawo daga wurin mai zuma yana haki, da kaki curi guda. Baba ya hana a taɓa komai sai da tamfol ya bushe. Ya ɗora kakin a kan murfin ƙarfen tirelar rana ta tausasa shi, sannan ya gutsura ya hau goga wa ɗinkin, yana bi da babban yatsa yana cusa shi cikin ramukan allura. Hannun nan da ke rawa in zai ɗauki kofi, Yaya, ko kaɗan bai yi rawa ba. Da ƙamshin ya tashi sai da na dafa sanda. Ashe warin da muka sani tun muna yara, wanda na ɗauka na tamfol ne, kaki ne. Kullum yana shafa shi, mu ba mu taɓa lura ba.

Ya mayar da Injiniya lebura. Riƙe nan, ja can, ba haka ba, wa ya koya maka aiki. Mijina kuwa sai “to, maigida” yake cewa, bakinsa har kunne. Sandunan da muka kafa duk ya sa aka sake su, wai mun ja tamfol ya yi tauri, ba mu bar masa wurin numfashi ba. Rigar katifar da na ɓata kwana ina ɗinkawa ya sa aka tuɓe, ya ce ta masu biki ce, ya shimfiɗa bargonsa. Na karɓi rigata na ninke.

Ba su gama ba ranar, kuma na lura ba ya son a gama. Kullum da safe sai ya sami ɗinkin da bai yi masa ba. Na daina gyara komai a ciki. In na ga igiya ta saki sai in kawar da kai, na san zai gani.

Ranar farko, bayan azahar, ya zauna a bakin gado, ya cire takalmansa ya jera su a kusurwa. Ya kwanta. Na tsaya a waje ina saurare. Sai ya ɗaga labulen ƙofa ya kira ni.

“Baiwar Allah, idan Autata ta zo nemana, ki ce mata ina ciki. Kada ta ji tsoro, ba nisa na yi ba.”

Na ce to, Baba, zan gaya mata. Na zagaya bayan ɗakin ɗinki na yi kukana inda ba zai ji ba. Kafin in dawo minshari yake yi.

Tun ranar a ciki yake kwana, Injiniya a gado na biyu. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya warke ba. Yakan farka, yakan yi rikici, jiya ma ya ƙi cin abinci sai da aka kai masa ciki. Amma yana barci, Yaya, kuma bai sake neman ƙofa ba. Ki gaya wa mutanen gidan can su ba wani gadon. Ki zo Asabar ɗin kamar yadda muka yi, sai dai ki taho da sauran kayansa, ki kuma zo da shirin aiki, don ba ya barin kowa ya zauna.

Saƙon nan na Autarsa kuwa kullum sai ya bar mini shi kafin ya kwanta, ni kuma kullum sai in karɓa. Ki gaishe da kowa. Zan tsaya a nan, na ji tarinsa, ya farka. Bari in je in yi sallama in ce masa na zo.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta